Sabbin na'urorin hangen jirage: a saya, ko a fara nuna mana takardar kwangila?

Sada Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so masu sanin abin su warware mani. Shugabannin NAMA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar ƙasar nan, sun sha fitowa suna cewa na'urorin rada da ake hangen jirage da su sun tsufa, kayan gyaransu na wuyar samu, dole a sabunta. To abin da na sani shi ne a 2003 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin Thales na Faransa wannan aiki a kan Yuro miliyan 66 da ɗoriya, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2010 a hannun Shugaba Jonathan. Shekara bakwai ana jira. Yanzu kuma a ce mana ya tsufa? Gaskiya ne, ko dai wata ƙofar cin kuɗi ake son buɗewa?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Sada, ni ko ya tsufa ko bai tsufa ba, tambayata daban ce. Mutum nawa ne a jihar nan ta Katsina suka taɓa sa ƙafa cikin jirgi? A ƙaramin asibitin da nake aiki, firjin allurar rigakafi ya lalace tun damina, kullum sai an ɗauko allura cikin kula da ƙanƙara bisa mashin daga wani gari. Wallahi idan na ji ana maganar miliyoyin Yuro don jirgin sama, zuciyata ba ta karɓa.

Lawal Jibiya: Ni kuwa Hajiya ina goyon bayan a saya, amma don dalili guda. Mutanenmu na ƙauyukan yamma sun daɗe suna cewa suna jin ƙarar jirgi mai saukar ungulu da dare ta wajen daji. Har gwamnatin Buhari ta hana shawagin jirage a Zamfara a watan Maris na 2021. In dai sabuwar na'urar za ta nuna mana wa ke shiga dajin Rugu ta sama, ko nawa ne a kashe.

Baba Injiniya: Salamu alaikum 'ya'yana. Na yi aikin gyaran irin waɗannan kaya har na yi ritaya, bari in sa baki.

Sada, tsufan gaskiya ne. Farantin da kake gani yana juyawa bisa hasumiyar ƙarfe, shi zai iya daɗewa. Abin da ke mutuwa yana cikin ɗaki mai sanyi a ƙasa: kwamfutocin da ke karɓar sigina su mayar da ita ɗigo a kan allo, da allunan lantarki da ake zarewa a sa wasu, da manhajar da ke tafiyar da su. Kayan da aka tsara a farkon shekarun 2000, kamfanonin da ke ƙera ƙananan sassansu sun daina yin su. Idan allo ɗaya ya ƙone, ko kana da kuɗi a hannu sai ka yi wata da watanni kana nema. Na taɓa ganin mun kwance allo daga na'urar ajiya muka sa wa mai aiki, muka zauna ba mataimakiya, kowa na addu'a kada ita ma ta tsaya. Kowace irin wannan na'ura biyu-biyu ake yin ta, don in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka nan take. Ranar da ka fara cin ta biyun, ka shiga haɗari ko da allo na nuna komai lafiya.

Tashoshi tara aka kafa: Legas, Abuja, Kano, Fatakwal, Ilori, Maiduguri, Numan, Obubra da Talata Mafara. Daga nan bayanan ke tafiya cibiyoyi biyu, Kano da Legas. Duk jirgin da ya ratsa saman Katsina, mutanen cibiyar Kano ne ke riƙe da shi.

Sada Ƙofar Sauri: Allah shi ƙara girma Baba. To tunda akwai ta Talata Mafara, ai maganar Lawal ta fito. Me ya hana ta ga masu shiga daji?

Baba Injiniya: Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Rada iri biyu ce. Ta farko tana harba sigina, ta bugi jikin jirgi ta dawo, ko matuƙi na so ko ba ya so za a gan shi. Ta biyu kuwa kamar sallama ce a ƙofar gida, sai na ciki ya amsa kake sanin yana nan. Tana aika tambaya, wata na'ura a cikin jirgin ta amsa da lambarsa da tsayin da yake. In matuƙi ya kashe na'urar amsawar, shi ke nan, allo fayau.

Iri ta farko a wurare huɗu kawai aka sa ta: Legas, Abuja, Kano, Fatakwal. Ganinta bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, don haka ta Kano ma ba ta kawo nan Katsina. Sauran biyar ɗin, har da ta Talata Mafara, masu jiran amsa ne. Suna kai nesa, sama da kilomita 400, amma ga jirgin da ke son a gan shi kuma yake can sama. Sannan duniya a lanƙwashe take. Jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa bisa kan itatuwa, da ya yi nisa kaɗan ƙasa ta kare shi, ko wace irin rada ce.

Lawal ɗana, ba na son a yi maka alkawarin da kaya ba za su cika ba. Aikin NAMA shi ne kada jirgi ya yi karo da jirgi. Farautar mai ɓuya aikin sojan sama ne, da nasu na'urorin da nasu kasafin.

Lawal Jibiya: To Baba in haka ne ni na janye. Na koma bayan Hajiya. Me zai amfane mu?

Barista Hadiza: Yaya Lawal kada ka yi saurin janyewa. Ka tuna lokacin aikin Hajji. Jiragen da ke tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa cike suke da tsofaffinmu daga Baure, Mani, Batsari, Dutsin-ma, mutanen da suka sayar da shanu da amfanin gona suka biya kujera. Kowane jirgi ɗaruruwan rayuka. Ba masu kuɗi kaɗai ke sama ba.

Hajiya Rabi: Sau ɗaya a shekara, Barista. Haihuwa kuwa kullum ce.

Barista Hadiza: Haka ne Hajiya, ban musa ba. Amma ki duba inda kuɗin ke fitowa. NAMA tana karɓar kuɗi daga kamfanonin jirage, har da na waje da ke ratsa samanmu ba su sauka ba, waɗanda ke biya da Dala. Tana kuma da kaso cikin kashi 5 bisa 100 da ake ɗorawa a kan kowane tikiti. Ma'ana, in an bar mata abin da ta tara, masu hawa jirgi ne ya kamata su sayi radarsu, ba mai jego a ƙauye ba. Matsalar ita ce gwamnatin tarayya ta riƙa yanke wa irin waɗannan hukumomi rabin kuɗin shigarsu tun daga tushe, abin da ya sa ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama suka yi ta ƙorafi a 2024. A shekarar ce kuma NAMA ta nemi ƙara kuɗin da take cajin jiragen cikin gida, aka dakatar da ita. Sai ka karɓe rabin kuɗin hukuma, ka hana ta ƙari, sannan ranar da na'ura ta mutu ka ɗebo daga baitulmali ko ka ciwo bashi. A nan ne ake taɓa kuɗin firjinki.

Hajiya Rabi: Wannan bayanin ya shige ni. Amma rabin da ake yankewa ɗin ai cewa ake don a yi wa talaka aiki ne. Ni dai ban gan shi a wurinmu ba.

Baba Injiniya: Hajiya, ina da abin da zan ƙara, ba don in canza maki ra'ayi ba. Ran 7 ga Nuwamba 1996 jirgin ADC ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Aka samu kuskure wajen raba shi da wani jirgin da ke fitowa, matuƙi ya yi ƙoƙarin kaucewa, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa ruwa a Ejirin. Mutum 144, ba wanda ya fita. Ran 22 ga Oktoba 2005 jirgin Bellview ya tashi daga Legas da dare, cikin 'yan mintoci ya ɓace. Aka kwana ana nema, har aka fara sanar da cewa ya faɗi a Kishi ta jihar Oyo, ashe yana ƙauyen Lisa a Ogun, kusa da inda ya tashi. Mutum 117. Ƙasa guda ta kwana ba ta san inda jirginta ya faɗi ba. Mu da ke cikin aikin a lokacin, kunyar wannan daren ba ta bar mu ba.

Amma kuma kada a ɗora wa rada abin da ba nata ba. Hatsarin 29 ga Oktoba 2006 a Abuja, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah shi jiƙansa, muguwar iska ce mai juyawa farat ɗaya ta kama jirgin yana tashi. Na Sosoliso a Fatakwal a Disambar 2005, da ya ci yara 'yan makaranta, shi ma hadari da iska ne. Waɗannan na'urar gano juyin iska suke buƙata a bakin titin jirgi, kuma aikin hukumar hasashen yanayi ne, NiMet. Shi ya sa idan aka ce za a sayi kaya, nake so a faɗi wane kaya, don maganin wace matsala.

Malam Kabir Daura: Allah shi gafarta masu. Baba, ni matsalar da na fi sani ita ce hazo. A hunturun da ya wuce na kai mahaifiyata ganin likita Abuja. Ranar dawowa muka zauna tun hantsi har bayan la'asar, tana kan keken guragu, ƙafafunta sun kumbura, daga ƙarshe aka ce jirgi ba zai tashi ba saboda ba a ganin gaba a arewa. Muka kwana, washegari muka biyo mota. Sabuwar radar za ta magance wannan?

Baba Injiniya: Ba za ta magance ba Malam Kabir. Allah shi ba Hajiya lafiya. Mai saukar da jirgi cikin hazo wata na'ura ce daban, ILS. Tana aika sigina biyu daga bakin titi, ɗaya na nuna wa matuƙi tsakiyar titin, ɗaya na nuna mashi gangaren da zai bi. Tana da aji uku, aji na uku ne ke saukar da jirgi ko da ganin gaba ya ragu ƙwarai. Amma sai fitilun titi sun cika, sai wuta ba ta ƙiftawa, sai jirgin kansa na da kayan, sai matuƙin na da takardar horo a kai. Kuma sai an riƙa auna ta da jirgi na musamman lokaci-lokaci. Ku tuna Fabrairun 2020. An kafa sabuwar na'ura mai aji uku a Legas, amma ba a kammala aunawa da daidaita ta ba hazo ya sauko. Jiragen ƙasashen waje suka riƙa karkata zuwa Accra, fasinjoji suka yi kwanaki a Ghana. Kaya na nan a ƙasa, sababbi fil, an biya kuɗinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu nan arewa hazo ba baƙo ba ne. A Janairun 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda aka karkatar da shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. In da ni ake tambaya abin da filayen arewa suka fi buƙata, da na'urar sauka da fitilu da tsayayyiyar wuta zan fara.

Abdulhadi: Ina gaida iyaye da yayye, daga Amurka nake bin zancen. Don kada mu ɗauka mu kaɗai ne: nan ma kukan da ake yi ke nan. A Janairun 2025 jirgin fasinja ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a Washington, mutum 67 suka mutu. A Afrilu kuma masu kula da jiragen Newark suka rasa hoto da magana na ɗan lokaci, jirage na sama. Aka fito ana nuna cewa har yanzu wasu wuraren da wayar tagulla da tsofaffin faifan kwamfuta suke aiki. Majalisarsu ta ware Dala biliyan 12.5 don fara sabuntawa, kuma an ce ba za ta isa ba. Bambancin da na gani, a nan ana kiran jami'ai gaban majalisa a bainar jama'a, masu binciken kuɗin gwamnati na fitar da rahoto kowa ya karanta.

Sada Ƙofar Sauri: To in su ma da arzikinsu haka ta same su, mu ina za mu kama?

Barista Hadiza: Muna da abin kamawa Malam Sada, kuma ɗan Katsina ne ya sa mashi hannu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rattaba mata hannu kwanaki kaɗan bayan hawansa. Ita ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnati da ba da kwangila. Ƙa'idarta ita ce a tallata aiki a jaridu, kamfanoni su yi takara, a buɗe takardunsu a gaban jama'a, babban aiki kuma ba a ba da shi sai BPP ta ba da takardar amincewa.

Sai dai akwai ƙofofi biyu da nake so mu sa wa ido. Ta farko, dokar ta yarda a ba kamfani guda aiki kai tsaye idan shi kaɗai ke da kayan, ko idan sabon kayan dole ya dace da tsohon da ake da shi. Ta biyu, ta ware kayan da suka shafi tsaron ƙasa. Rada tana iya shiga ta kowace cikin biyun. Da an ce "tsaro ne", baki ya mutu. Alhali Baba ya gama nuna mana cewa wannan kayan farar hula ne. Ban ga dalilin ɓoye farashin na'urar da filayen jirgi na duniya ke saye a kasuwa ba.

Lawal Jibiya: To a buɗe takara mana. Me ya sa dole sai Faransa? Ga Sin, ga Turkiyya.

Baba Injiniya: Akwai masu yi da yawa. Indra ta Sifaniya, Leonardo ta Italiya, ga na Amurka. Ban ce a manne wa kamfani ɗaya ba. Amma ka sani canza kamfani ba canza faranti kaɗai ba ne. Allon da mai kula da jirage ya saba da shi zai canza, injiniyoyi sai sun koma aji, kayan gyaran da ke sito sun tashi aiki. Kuma ba a kashe tsohuwa ranar da aka kunna sabuwa, sai sun yi tafiya tare har a tabbatar. Duk wannan kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Barista Hadiza: Baba da girmanka, wannan hujjar ce ake amfani da ita a ɗaure ƙasa shekara ashirin. Kamfani ya san ba ka da wurin zuwa, farashin gyara sai abin da ya faɗa.

Baba Injiniya: Gaskiyarki ɗiyata, na ga hakan da idona. Maganinsa a cikin takardar yake. A rubuta farashin kayan gyara na shekara 10 ko 15 tun ranar sa hannu. A rubuta cewa bayanan na'urar za su fita bisa tsarin da kowane kamfani ke iya karantawa, akwai shi, ana ce mashi ASTERIX, don gobe in ka sayi ta wani kamfanin su yi magana da juna. A rubuta cewa yaranmu za a koya wa gyara har cikin allo, ba zarewa da aikawa Turai kaɗai ba. Ga kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya tun 1964, a kafa irin na'urar a can don koyarwa. Sannan wuta. Tashar da ke bayan gari a kan janareto take rayuwa dare da rana. Na sha tsayawa da tocila ina leƙa tankin man gas ina lissafin kwana nawa ya rage, motar mai ba ta zo ba saboda ba a biya ɗan kwangila ba. Duk kwangilar da ba ta zo da hasken rana da batura ba, ni a wurina ba ta cika ba.

Kuma ba ko'ina ke buƙatar rada mai juyawa ba yanzu. Akwai ADS-B, inda jirgi da kansa ke sanar da matsayinsa daga tauraron ɗan'adam, ƙaramar eriya a ƙasa ta karɓa. Kuɗinta kaɗan ne in an gwada da rada. Amma ita ma sai jirgin ya yarda ya yi magana, don haka ba ta maye gurbin iri ta farko a manyan filaye.

Malam Kabir Daura: Wani abu da ba a taɓo ba. Mu nan daga Daura zuwa Kongolam tafiyar 'yan mintoci ce. Jirgin da ya wuce kanmu ya nufi arewa, nan da nan ya fita hannun Kano ya shiga hannun Yamai. Su can ASECNA ke kula masu, hukumar haɗin gwiwa da ƙasashe rainon Faransa suka kafa tun 1959, suna sayen kaya tare. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe sama, jiragen Turai sai da suka riƙa zagaye. Duk abin da za a saya, a tabbatar layin magana tsakanin Kano da Yamai na aiki, ko gwamnatoci na shiri ko ba sa shiri.

Hajiya Rabi: Na karanta duka. Na yarda abin na da amfani, ban yarda ya fi asibiti gaggawa ba, kuma ba zan yarda ba. In da kuɗin masu jirgi za a saya, ba ruwana. In bashi za a ciwo da sunan jikokina, ina da magana.

Lawal Jibiya: Ni har yanzu tambayata na nan ba amsa. Wa ke kallon saman dajin? In ba NAMA ba ce, to wakilanmu a majalisa su tambayi sojan sama.

Barista Hadiza: Duka biyun za su shiga takarda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya, hukuma kuma ta amsa cikin kwana 7. Zan rubuta wa NAMA da ma'aikatar sufurin jiragen sama, kwafi ga BPP: me za a saya, a ina za a kafa, takara aka yi ko kai tsaye, daga wane aljihu, shekara nawa na gyara ke ciki. Ta Yaya Lawal kuma daban, zuwa ga sanatanmu da ɗan majalisar wakilai. Mai son sa hannu ya yi mani magana ta gefe kafin Juma'a.

Sada Ƙofar Sauri: Sa sunana Barista.

Baba Injiniya: Ni ma. Ki ƙara tambaya ɗaya: cikin tashoshi taran nan, nawa ne na'urarsu ta ajiya ke aiki a yau.